Ɗan Juma da Raƙuman Ruwa

A unguwar Guillotière ta birnin Lyon, a shekarun nan na casa'in, Hausawa ba sa ɗaurin aure ko raɗin suna ba a kira Ɗan Juma mai kamara ba. Dogo ne siriri mai sanyin magana, kafaɗarsa ta dama ta ɗan sauka ƙasa da ta hagu saboda nauyin kamarar da yake saɓawa. Mutumin Madawa ne. Ubansa albasa yake nomawa, shi ma ya yi noman har ya tasa, sannan ya tafi Yamai ya kama aiki wajen wani mai ɗaukar hoto a bakin babbar kasuwa. Daga can kawunsa, Alhaji Mai Moussa, mai kantin shadda da atamfa a Lyon, ya jawo shi Faransa don ya taya shi tsaron kanti. Bai daɗe a bayan kanta ba. Alhaji ya lura da zarar ciniki ya lafa sai ɗan ƙanwar tasa ya koma bakin ƙofa ya tsaya yana kallon yadda hasken yamma ke sauka a kan rigunan masu wucewa, mai saye ya shigo ya yi sallama bai ma ji ba. Sai ya samo masa wata tsohuwar kamarar bidiyo, ya ce ya je ya yi kallon nasa inda zai amfani mutane.

Ya kuwa amfane su. Kaset ɗin biki a wancan zamani ba don ƴan Lyon ake yinsa ba, don mutanen gida ake yi. Magidancin da ya daɗe bai ga uwarsa ba sai ya tsaya gaban kamara ya gyara hula, ya gaishe ta da kyau, ya ɗago jaririn da aka raɗa wa suna ya nuna mata. Ƴan kasuwa su sa kaset ɗin cikin kaya su kai Maraɗi ko Damagaram. Ɗan Juma ya iya jira har kunya ta saki mutum kafin ya danna, shi ya sa ake son aikinsa.

Sai dai yana da wani hali. Ana tsakiyar kallon amarya da ƙawayenta, sai hoto ya yanke, a ga tantabaru suna tashi daga kan rufin kwano, ko ruwan sama yana gangarowa a gilashin taga, ko kuma, wanda ya fi yawa, kogin Rhône yana wucewa ƙarƙashin gada. Wasu su yi dariya, wasu su kai ƙara wajen Alhaji.

"An kira ka ɗaukar amarya, kai ka tahi ɗaukar gulbi," in ji Mai Moussa wata rana. "Shin gulbin ga ɗiyar wa ce?"

Ɗan Juma ya yi murmushi ya ce zai gyara. Bai gyara ba.

Matarsa Hassia ƴar Ƙonni ce, tana kitso a gida, tana kuma dafa abincin biki in an nema. Duk shirun da mijin yake da shi, ita Allah ya ba ta magana. Tana kitso tana magana, tana wanke-wanke tana magana, ko ba kowa a ɗakin. Shi kuwa ya saba da muryarta kamar yadda aka saba da ƙarar motocin titi, tana shiga kunnensa tana yi masa daɗi, amma ba kullum yake tsinkar abin da ake faɗa ba. Suna da ƴa guda, Rauda, da ta fara zuwa lakwal, wato makarantar boko.

A farkon bazarar 1995 aka kira shi wani biki a Sevran, can bayan birnin Paris. Gidan amarya na saman ɗaya daga dogayen benayen Beaudottes. Mata sun cika falo, turaren wuta ya turnuƙe, batirin kamara kuma ya yi sanyi. Uwar amarya ta nuna masa ɗakin ɗanta ta ce akwai wurin jona wuta a can. Da ya shiga sai ya ga wani abu jingine da bango, ya fi shi tsawo, fari da ya fara komawa ruwan ɗorawa, bakinsa da tsini kamar kan kifi. Yana tsaye yana shafa shi mai ɗakin ya shigo, wani saurayi mai faɗin ƙirji, babbar rigar bikin ta ɗame shi a kafaɗu. Daouda ke nan, wan amarya. A Faransa aka haife shi, Hausarsa duk ta cakuɗe da Faransanci.

"Wannan jirgin na wa ne?" in ji Ɗan Juma.

"Ba jirgi ba ne, Tonton. Allo ne. Ana kwanciya a kai a shiga teku, in raƙumin ruwa ya taso sai ka miƙe tsaye ya tafi da kai."

"Ya kai ka ina?"

Daouda ya yi dariya. "Bakin gaɓa kawai. Sai ka koma ka jira wani."

Ya ba shi labari. Yana yaro, hukumar gari ta kwashi yaran unguwa ta kai su bakin teku lokacin hutu, wani malaminsu ya ɗora shi kan allo, tun daga ranar bai sake warkewa ba. Yanzu aikinsa tsaron masu iyo a gidan ninƙaya na gari, yana zaune kan doguwar kujera yana kallon ruwan da ba ya motsi, yana jiran hutu. In ya shiga jirgin ƙasa da allonsa samarin unguwa su yi ta tsokanarsa, su ce ina ya ga teku a Sevran.

Ɗan Juma ya dubi ƴar fitilar batir. Can ya ce, "Mu ma muna da raƙumin ruwa guda a Lyon. Amma namu ba ya zuwa ko'ina. Wuri ɗaya yake tsaye."

Ya taɓa ganinsa a yawonsa na bakin kogi, can sama da gari wajen Feyssine, inda ruwa ke faɗowa daga wani tudu a ƙarƙashinsa ya naɗe ya koma baya. Daouda bai yarda ba, amma bai manta ba. Ba a yi wata guda ba sai ga shi a tashar Part-Dieu da allo cikin doguwar jaka.

Suka shiga bas, suka sauka suka taka cikin itatuwa har bakin ruwa. Ƙanƙarar duwatsu ta narke, kogin ya cika ya yi kore-kore. Ga raƙumin nan a tsakiya, ya ɗaga kai yana kumfa, yana ruri, bai matsa ko taki ɗaya ba. Wasu Turawa biyu na wasa a cikinsa da ƙananan kwale-kwale. Daouda ya sa baƙar rigar roba mai kama jiki ya faɗa. Ruwa ya kayar da shi ya tafi da shi can ƙasa, ya fito ya dawo da gudu ta gaɓa, ya sake shiga, ya sake faɗuwa. Haka ya yi ta yi har Ɗan Juma ya fara tunanin abin da zai gaya wa uwarsa. Sannan ya miƙe.

Ɗan Juma ta cikin ɗan gilashin kamara yake kallo, inda komai fari da baƙi ne. Ya ga mutum tsaye cak, gwiwoyi a lanƙwashe, hannuwa a buɗe, kogi gaba ɗaya yana gudu a ƙarƙashin ƙafafunsa, shi kuwa ba ya gaba ba ya baya. Ya ji kamar gaɓar da yake tsaye a kai ce take tafiya. Sai da Daouda ya faɗi ya tuna ya ja numfashi.

Da yamma suka kalli kaset ɗin a tele suna cin tuwon semo da miyar kuka. Hassia ta ajiye ludayi ta matso.

"Yaron ga ba ya jin tsoron Allah," ta ce. "Maido baya mu gani."

"Tanti, wannan ba komai ba ne," in ji Daouda. "Na teku tafiya suke yi. Suna zuwa daga nesa a jere, kamar ayari." Ya juya ga Ɗan Juma. "Tonton, mu yi fim. Na gaske, ba na biki ba. Mu tashi daga Paris mu bi hanya har teku, kai kana ɗauka."

Daga ranar Ɗan Juma ya fara ajiye sababbin kaset a saman kabad. Daouda ya samo mai mota, wani abokin babansa mai suna Ilya, Bakatsine, direba a ofishin wata ƙungiya ta ƙasashen duniya a Paris. Ilya na da wata tsohuwar farar mota mai ɗaukar kaya da yake shirin aikawa gida, ya ce gara ta ga Faransa kafin ta ga Katsina. Aka tsayar da watan Satumba, lokacin da masu hutu suka watse. Da Hassia ta ji an sa rana sai ta ce da ita za a tafi.

"Tun da na zo ƙasar ga, daga ɗaki sai kasuwa, daga kasuwa sai ɗaki. Baban Rauda, ni ma ina da idanu. Kuma wa za ya dafa muku? Ilya?"

Aka bar Rauda wajen Hajiya Zeinabou, matar Alhaji. Suka kwana a Stains, gidan Ilya, suka tashi bayan asuba. Allo biyu a ɗaure a saman mota, a ciki kuwa tukunya da buhun shinkafa da tabarmi da buta da kwalbar yaji. Ɗan Juma ya zauna gaba ya ɗora kamara a taga. Benaye suka ƙare, gonaki suka fara, alkama an girbe, furannin rana sun bushe sun sunkuyar da kai duk gefe guda. Ilya na tuƙi a hankali irin na wanda ya saba ɗaukar manya, manyan motoci na wuce su suna hon. Hassia daga baya tana tambayarsa ko gawa ya ɗauko. Bayan Bordeaux suka shiga dajin itatuwan fin, dogaye a jere, hanya miƙe ɗoɗar, ƙamshin ƙaro na shigowa ta taga. Rana ta karkata lokacin da suka isa wani sansanin masu hutu da ya zama kusan kango, suka kama ƙananan ɗakunan katako biyu.

Tsakaninsu da teku akwai wani tudun rairayi. Suka cire takalma suka hau. Rairayin fari ne mai laushi, da ciyawa tsilli-tsilli, Ɗan Juma ya ji ƙafarsa ta san shi, irin na arewacin garinsu ne. Da suka kai sama sai ƙasa ta ƙare. Ruwa ne shimfiɗe har inda ido ya gaza, rana na zaune a bakinsa ja wur, hanya ta zinariya ta taso daga wajenta har ƙafafunsu. Ɗan Juma bai ma ɗaga kamara ba.

Daouda ne kawai ya dafe kai. Teku a kwance take lumui kamar mai a faranti. Ko ɗan raƙumi babu.

"Gobe," ya ce.

Goben ma haka, jibi ma haka. Kullum da safe Daouda ya je ɗakin tarho na bakin hanya ya saurari labarin iska, ya dawo yana jan ƙafa. Matar da ke sayar musu da burodi ta ce ba ta taɓa ganin Satumba irin wannan ba. Wani ya ce musu a kudu akwai motsi, suka kwashi kaya suka yi kudu, suka tarar da samari masu jajayen gashi zaune kan allunansu a rairayi suna jira su ma. Wani ya ce arewa, suka dawo arewa. Kwanaki suka shiga juna har Ɗan Juma ya daina sanin wace rana ce sai in Ilya ya faɗa.

Daouda ya damu, yana ta ba shi haƙuri, ya ce ya jawo su tafiyar banza. Shi kuwa Ɗan Juma bai taɓa jin daɗin aiki kamar wannan ba, don ba amaryar da ke jiransa. Ya ɗauki zanen Hassia da aka shanya tsakanin itatuwa biyu iska na kumbura shi. Ya ɗauki Ilya ya naɗe wando yana tsaye a bakin ruwa da buta, yana muhawara da kansa ko alwala ta halatta da ruwan gishiri, daga baya ya ce ta halatta, ya kurkure baki ya tofar yana yamutsa fuska. Ya ɗauki Daouda yana goga kakin zuma a allo, yana gogawa yana kallon nesa. Ya ɗauki ƙananan tsuntsaye masu gudu a bakin kumfa, da wani jirgin kaya da ya ɗauki rabin yini yana ratsa gefen sama. Mafi yawan lokaci yakan kafa kamara a kan tudu ya bar ta tana kallon ruwa, ya zauna kusa da ita. Hassia ta shimfiɗa tabarma a gefensa tana tsince shinkafa tana magana. Shi idonsa na kan ruwa, yana cewa "uhm" lokaci-lokaci.

Ranar da hutun Ilya zai ƙare, suka fito sallar asuba a bayan tudu. Alƙibla ta sa sun juya wa teku baya. Suna cikin raka'a ta biyu Ɗan Juma ya ji wani abu ta goshinsa da ya kai ƙasa, rairayi na ɗan girgiza, sannan ƙara mai zurfi kamar ana buga babbar ganga a wani gari mai nisa. Ta yi shiru, ta sake dawowa. Da Ilya ya sallame, Daouda bai tsaya addu'a ba, ya sheƙa ɗaki.

Suka hau tudu, ba su ga komai ba. Hazo ya rufe teku ruf, fari fat, sai ƙarar kawai ke fitowa daga cikinsa. Daouda ya ruga da allo ya shige farin ya ɓace. Ɗan Juma ya ɗaga kamara, gilashin bai nuna masa komai ba sai madara.

Tun a Lyon ya tanadi wata dabara. Ya sa kamarar cikin leda mai kauri, ya manna gindin kwalba a saitin idonta, ya ɗaure da robar tayar keke. Bai yi niyyar wuce idon sawu ba, don bai iya iyo ba. Amma daga idon sawu ba a ganin komai, sai ya ƙara gaba. Ruwan sanyi ya kama gwiwarsa, ya kama ƙugunsa. Yana jin Hassia na kiransa daga baya, muryarta ta yi ƙanƙanta. Sai hazon ya ɗan yaye, rana ta huda shi daga gabas, komai ya koma ruwan hoda.

Ya gan su suna zuwa. A jere suke kamar yadda Daouda ya faɗa, dogaye, kore mai duhu, kowanne hayaƙi na tashi daga tozonsa. Na farko ya wuce ba kowa. A kan na biyu ga mutum, baƙi siriri, ya zamo daga sama ya karkata, hannunsa ɗaya na shafar bangon ruwan kamar mai shafa wuyan dabba. Bangon ya lanƙwaso ta kansa, ya ɓace, ya sake fitowa ta ɗaya gefen a tsaye. Hazo ya haɗiye shi. Ɗan Juma ya bi shi da kamara cikin farin, yana jiran ya sake ɓullowa, bai ga na ukun ba.

Ba zafi ya ji ba. Ƙasa ce ta bar ƙafarsa, duniya ta juya, ƙara ta ɗauke. Ya buɗe ido ya ga haske kore a sama ko a ƙasa, bai sani ba, da ƙananan kumfa suna tashi kamar tsakiyoyi. Ya ga hannunsa riƙe da kamara, ya yi mamakin nisan da hannun ya yi. Sai wani abu ya damƙi wuyan rigarsa ya fizge shi. Ilya ne, ya shigo har ƙirji da kaftaninsa da hularsa, shi ma bai iya iyo ba. Suka fito da rarrafe suna tari. Hassia ta durƙusa a kansa, ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, sai ta sa gefen mayafinta tana share masa rairayi daga fuska.

Ruwa ya shiga ledar kaɗan, ya isa ya kashe kamarar. Ta ƙi buɗe baki ta ba da kaset, sai da Ilya ya kwance ta da sukudireba a kan murfin injin mota. Kaset ɗin a bushe yake. Daouda ya fito wajen hantsi, leɓɓansa sun yi shuɗi don sanyi, yana dariya shi kaɗai. Da ya ji abin da ya faru dariyar ta tsaya, ya zauna kusa da Ɗan Juma a rairayi.

"Tonton, ka yafe mini."

"Na gan ka," in ji Ɗan Juma. "Ka shiga ka fito."

Ɗan Juma ya koma bayan kantar Alhaji ya yi sanyin shekarar yana auna shadda. Mai Moussa bai yi faɗa ba. Abin da ya ce kawai shi ne, tun da gulbi bai ishe shi ba ai ga shi teku ta karɓi sadakinta. Ranar Asabar in an tashi sai Ɗan Juma ya hau jirgi zuwa Paris, su haɗu a ɗakin Ilya a Stains, inda suka jona bidiyo biyu da tele suna kwafe abin da suke so daga wannan kaset zuwa wancan. Aiki ne mai cin rai, in aka yi kuskure sai a koma baya. A waje ruwan sama na zuba kan wurin ajiye motoci, a ciki teku na haskaka musu fuska.

Daouda ya zo da kaset ɗin kiɗa da yake so a ɗora a kai. Kafin su ɗora, Ilya ya ƙara murya don ya ji ƙarar ruwa, sai ga Hassia. Duk zaman da aka yi a kan tudu kamara na jin ta. Ga teku a kwance a hoto, ga muryarta da ƙarar shinkafa a faranti.

"Ashe ta nan kayan Alhaji suke bi," take cewa. "In ka bi ruwan ga hannun hagu, ka yi ta bi, sai Kwatano. Daga Kwatano ka hau mota sai Gaya, sai Dosso, sai gida. Ashe ba nisa. Ruwa guda ne."

Can kuma: "Kamar gonar hatsi in iska ya bi ta kanta da marece. Inna na da gona bayan gari, in ta gama noma sai ta zauna ta yi ta kallo, in ce Inna mi kike kallo, ta ce ba komi. Da ta rasu ina nan ina yi ma wata ƴar Mali kitso aka bugo waya. Na ƙarasa mata kitson. Ban san mi ya sa ba. Rabin kai ya rage, na ce ba ta fita haka."

Ba wanda ya motsa a ɗakin. Ɗan Juma ya ji muryarsa a kaset ɗin tana cewa "uhm". Yana nan a gefenta lokacin da ta faɗa, kafaɗarsa kusa da tata, bai ji ba. Ya ce Ilya ya maido baya, ya sake saurara. Daouda ya mayar da kaset ɗin kiɗansa aljihu.

Ɗan Juma ya sauka ƙasa ya buga wa Hassia waya daga ɗakin tarho, ya ce suna so su bar maganarta a fim ɗin. Sai ta tambaye shi:

"Duka ka ji?"

"Duka na ji. Yanzu na ji."

"To, ka bari. Amma ka cire inda na ce Ilya na tuƙi kamar mai kai amarya."

Bai cire ba.

Aka nuna fim ɗin wata Lahadi bayan la'asar a ɗakin baya na wani gidan abinci a Guillotière, aka ɗora tele a kan firji. Mutane sun zo da yawa don sun ji an ce Ɗan Juma ya kusa mutuwa a ciki. Da farko ana ta hira, ana tambayar yaushe za a fara, alhali an fara. Alhaji Mai Moussa ya yi gyangyaɗi tun a dajin fin. Amma da aka hau tudun rairayi sai surutu ya ragu, da Hassia ta fara lissafa garuruwan hanyar gida sai wata tsohuwa ƴar Dosso ta amsa da ƙarfi, kamar an kira sunanta. Hassia kanta tana can baya ta ja mayafi ta rufe fuska. Daouda bai fi ɗan lokaci kaɗan a kan raƙumin ruwa ba a duk fim ɗin, daga nan hoto ya juya, ya koma kore, kumfa na tashi, sannan ya ɗauke. A nan suka tsayar da shi. Aka kunna fitila mutane na zaune ba su tashi ba. Wani ya tambaya ko shi ke nan, aka ce shi ke nan, ya ce a sake sa wa daga wajen hazo.

Su huɗun ba su sake tafiya tare ba. Daouda ya samu aikin tsaron masu wanka a bakin tekun ya koma can da zama, yakan zo Sevran da salla ya yi baƙi ƙirin. Ilya ya aika motarsa gida, bayan shekara biyu ya bi ta. Ɗan Juma ya samu wata kamara kafin bazara ya koma bukukuwansa. Kaset ɗin kuwa ƴan kasuwa suka yi ta kwafa, wannan ya ba wancan, har hoton ya dusashe a wasu, teku ta koma toka-toka, sai murya ta rage da ƙarfinta. Shi bai san inda ya kai ba, bai kuma tambaya ba.

A damina ta 1998 suka je Paris shi da Hassia, wani suna a Stains, suka biya kasuwar Château Rouge sayen kayan miya. Yana tsaye a bakin wani kanti riƙe da ledoji, ita tana ciki tana yi wa mai kanti bayanin cewa wannan kuɓewar busasshiya ta kwana biyu, ba za ta yi yauƙi ba. Wata mata da ke zaɓen busasshen kifi ta tsaya cak, ta juyo tana kallonta. Sabuwar zuwa ce, an gani daga yadda ta riƙe jakarta a ƙirji.

"Baiwar Allah, don Allah sake magana."

"In ce mi?"

"Ke ce," in ji matar. "Ke ce mai maganar teku. A Tasawa na ji ki, gidan ƙanena. Mun kalla har kaset ɗin ya tsinke. Ban taɓa ganin fuskarki ba." Ta kama hannun Hassia da hannu biyu. "Allah ya jiƙan Inna."

"Amin," in ji Hassia. "Amin, na gode."

Suka tsaya a nan tsakanin kwandunan kifi suna gaisawa, ina gida, ina gajiya, yaya mutanen Tasawa, an samu ruwa bana. Matar ta ce wata guda ke nan da zuwanta, ba ta san kowa ba sai mijinta, ko metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba ta iya shiga ita kaɗai ba. Hassia ta ce ai wannan mai sauƙi ne, ta fara yi mata bayani tun daga inda ake sayen tikiti. Ɗan Juma ya sauke ledojin a ƙasa, ya jingina da ƙofa yana saurare.